Takardar da ke cikin adakarka

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ko da yake na san inda kake ba a kai wasiƙa. Da kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, kuma ba za ka bari in karanta maka ba. Shi ya sa yau na samu bakin magana.

Gero ya yi kyau bana. An yi sadakar arba'in ɗinka, mutanen Filinge sun ci sun ƙoshi, sun ce kai mutumin kirki ne. Inna ba ta ci ba. Bakinta ba ya buɗuwa ya wuce kaurin yatsa. Kunu nake ɗura mata da ƙaramin cokali, rabi ya shiga, rabi ya biyo ramin da ke ƙarƙashin muƙamuƙinta ya hito. Kana tuna ramin? Shi ne wanda warinsa ya sa ka maida ta ɗakin baya, kusa da turken awaki.

Ranar rabon gado aka buɗe adakarka. Ƙarƙashin takardun gona na tarar da takardar da likitocin Yamai suka ba ka, shekarar da suka ƙone mata ciwon dajin baki da hasken na'ura. Shekara shida tana ninke. Sau nawa na ce ka ba ni in duba? Kullum amsarka ɗaya, yaron da aka kora daga lakwal, makarantar boko, mi ya sani. Tsaye na karanta ta, gaban ƙannenka. Layi biyu ne, har an ja musu jan biro: kada a cire mata haƙori ko ɗaya sai an koma wurinsu.

Kai kuwa Baleyara ka kai ta, ranar kasuwa, wurin mai cire haƙori da awartaki. Yamai ta yi maka nisa, ga shi kana da rago na sayarwa, ka haɗa tahiya guda. Ragon dai ya yi daraja, na ji kana yabo.

Na maida ta Yamai bayan mutuwarka. Likita ya ce dajin bai dawo ba, tun tuni ta warke. Hasken da ya kashe shi ne ya busar da ƙananan jijiyoyin jinin ƙashin, shi ya sa gurbin haƙorin ya ƙi haɗewa, ƙashin shina mutuwa a hankali cikin bakinta. Ya ce akwai wani magani. Ɗaki ne na ƙarhe kamar tankin mota, a kulle mutum ciki, a matsa iska, shi riƙa shaƙar oksijin zalla wajen awa biyu kullum, makonni a jere, ko jini ya sake samun hanya. Sannan a yanke abin da ya ruɓe. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu, kuma shi bai san inda ake da ɗakin a ƙasar nan ba, sai an hau jirgi. Sauran na karanta da kaina cikin waya, kalma kalma, da Faransancin nan da ka raina.

Ka ji? Iska. Abin da ke kaɗa zanan gidanmu kyauta, shi za mu ƙetare ƙasa mu nema.

Na sayar da rabona na gonar hanyar Damana, wadda ka ce kakanka ya sare da hannunsa. Baba Ƙarami, ƙanenka, ya ce na zubar da gado saboda tsohuwar da ta riga ta ƙare. Ka san wa ya saya? Makiyayin nan da kuke faɗa kowace kaka. Shanunsa ke kwana ciki yanzu, suna kashi inda ka hana kowa takawa. Wani ya taya sama da shi. Da gangan na zaɓe shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar Baleyara ni na riƙe kanta. Ka daka mini tsawa ka ce in danne, na danne. Na ji ƙarar ƙashin cikin tafin hannuna. Tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Na san akwai takarda cikin adaka, na san inda kake ajiye mabuɗi, tsoronka ya hana ni. Shekarata ashirin da biyu lokacin. Wane irin ɗa ka raina haka?

Jiya aka ɗauke ta hoton fasfo. Mai hoto ya ce ta sauke mayafin, da ta sauke ya kau da kai. Ita kuwa da muka dawo, bayan la'asar, na ji ta tana roƙa maka gafara da bakin nan da ba ya buɗuwa. Ta yafe maka, ta ce in yafe.

Ban iya ba tukuna. In ta hito daga ɗakin ƙarhen nan ta tauna tuwo, zan zo kabarinka in yi maka addu'a. In ba ta hito ba, ku biyu za ku haɗu, sai ka yi mata bayani da kanka.

Ka kwanta lahiya, in kwanciyar ta yiwu.

Ɗanka da aka kora daga lakwal,
Hamisu