Hoton Rifkatu da Nawa

Assalamu alaikum Malam Inuwa,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ya iyali, ya mutanen Gyaɗi-Gyaɗi? Ina lafiya a Ilorin, abincin makarantar ne kawai ban saba da shi ba.

Na ga hoton da Rifkatu, 'yar ajinmu na koyon ɗaukar hoto, ta ɗauka ka buga a jarida, ba nawa ba, na mai adaidaita goye da tsohuwa cikin ambaliya. Malam, dishi-dishi ne, har ta yanke masa kai. Nawa ya fita tar, duk ƙa'idojinka na bi. Amma ƙawayena in sun ga nawa sai su ce ya yi kyau, in sun ga nata sai su yi shiru. Ni ma nata nake ta kallo, abin yana ci mini rai.

Ka yarda in sake rubutowa?

Ɗalibarka,
Rumasa'u