Sallamar Baba da Ta Faɗa Ɗakin Albasa

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, a can inda aiki ya kai ka. Ka ga na fara da sallama. Da gangan na yi, kuma kafin ka kai ƙarshe za ka gane dalili. A shafina na rubuta, inda kowa zai karanta, domin idan na kira ka kana cikin taro, idan na tura saƙo hoton babban yatsa kake aiko mini. Ina fushi da kai, Yaya, kuma na gaji da haɗiye shi.

Ka tuna hutun da ka dawo Rano da tsohuwar kwamfutarka, ka ce za ka yi wa direbobin tashar garinmu abin da zai hutar da mutanen ƙauye. A Zurgu, inda Baba da Inna suke, kira ba ya shiga, sai dai saƙon rubutu idan mutum ya hau tudun bayan masallaci. Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata kuma, neman mota ya zama dole. Sai ka ce mutum ya tura kalma ɗaya kawai. Mai kaya ya rubuta MOTA, mai mara lafiya ya rubuta JINYA, mai son jin farashi ya rubuta sunan abin, ko gero ko albasa. Na ji daɗi, na yi ta alfahari da kai har ƙawayena suka gaji.

A tsakar gida ka koya mini yadda injin yake gane kalma, kana zane da tsinke a ƙasa. Ka ce malalacin shiri shi ne wanda zai riƙa bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan wadda aka aiko. Naka ba haka yake ba. Kowace kalma da ɗakinta. A ƙirga haruffanta, a ɗauki lambar harafin farko da ta na ƙarshe, a haɗa, abin da ya fito shi ne lambar ɗakin. Akwai kuma wani shirin da ka rubuta, aikinsa ke nan ya yi ta gwada lambobi ga haruffa har ya dace da rabon da babu kalmomi biyu a ɗaki ɗaya. Ka ce masana suna kiransa cikakken hash. Ranar da ya fito daidai sai da ka taka rawa, Inna tana tankaɗe tana yi maka dariya.

Da bakinka ka gaya mini akwai mataki na ƙarshe. Idan lissafi ya nuna ɗaki, sai a leƙa a duba ko kalmar da ke ciki ita ce aka aiko. Dalili kuwa, lissafi bai san baƙo ba. Kowace kalma ta duniya ka ba shi, zai fitar da lamba ya nuna mata ɗakin wani. Ɗakunan na 'yan gida ne kaɗai, waɗanda aka yi rabon da su.

Sannan ka goge matakin. Ina zaune kusa da kai ka goge shi. Na ce a bar shi, ka ce ɓata lokaci ne, ai ka buga takarda an manna a tasha, kowa ya san kalmomin da zai tura. Lokacin da ka rage bai kai ƙiftawar ido ba, Yaya. Babu manomin da ya taɓa yin ƙorafin jira. Kai dai kana so ka nuna wa malaminka a birni cewa naka ya fi na kowa gudu. Sauri ya haifi nawa, amma ba kai ka ɗauki nawar ba.

Abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne a gidan Baba ka tashi. Baban da idan muka faɗo zaure da gudu sai ya mayar da mu waje mu sake shigowa. Ka manta maganarsa? “Jaki ne kaɗai yake faɗawa gida ba sallama.” Mutumin da ko kuɗin gishiri zai tambaya sai ya gaida mai shago, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ka zauna ka jera sunan kowane hatsi da kowace unguwa daga Zinyau har Kibiya, ka ba su ɗakuna, amma kalmar da dattijon Bahaushe yake fara buɗe baki da ita ba ta zo maka a rai ba.

Direbobi sun gaya maka tun da wuri. Sun ce tsofaffi suna kuka, wai idan sun nemi mota sai injin ya aiko musu da farashin albasa. A tasha dariya ake yi, ana cewa injin Auwalu ya samu taɓin hankali. Ka ce su koyi amfani da shi. Bayan nan ka samu aiki ka tafi.

Bara, da hantsi, Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace. Ina Kibiya wajen koyarwa. Baba ya hau tudun nan da wayarsa, da bokonsa na yaƙi da jahilci, yana danna harafi ɗaya ɗaya. Bai manta kalmarka ba, ya rubuta ta. Amma ya fara da “Salamu alaikum”, domin a ganinsa mutum yake roƙo. Injinka kalmar farko kaɗai yake dubawa. Ya lissafa “salamu”, lambar ta faɗa ɗakin albasa, babu mai leƙawa ya ce wannan baƙuwa ce. Ya aiko wa Baba kuɗin buhu.

Ka san abin da Baba ya yi? Ya ɗauka gaisuwarsa ce ta gaza, shi ya sa ba a kula shi ba. Ya sake rubutawa, ya ƙara da “wa rahmatullahi wa barakatuhu”, ya ce don Allah. Albasa ta sake dawowa. Sai da Malam Isa maƙwabcinsu ya hau babur har Rano ya zo da mota. Inna ba ta kwana a asibiti ba.

Ban ce injinka ya kashe Inna ba. Kwana ne ya ƙare, kuma likita ma bai ce da an zo da wuri za ta tashi ba. Da a nan abin ya tsaya, da na yi kukana na yi shiru.

Amma ka kira yin ta'aziyya muna Rano, Baba ya ba ka labari yana neman wanda zai ce masa ya yi iya yinsa. Ina gefensa, wayar a buɗe take. Ka ce, “Ai da Baba JINYA kawai ya rubuta, da mota ta zo.” Haba Yaya. Ka san layin da ka goge. Ka san shi kamar yadda ka san sunanka. Ka ɗauki kuskurenka ka aza wa tsoho a ka, ranar da ya binne matarsa. Ya ce Allah Ya yi maka albarka, ya miƙo mini wayar.

Na je tasha, inda ka bar injin, na gyara shi bayan sadakar arba'in. Na mayar da layinka inda yake. Na saka sallama da sannu da barka cikin 'yan gida, na sake kunna shirinka ya yi sabon rabo, kowacce ta samu ɗakinta. Yanzu idan dattijo ya yi sallama, injin yakan amsa masa, sannan ya karanta abin da ya biyo baya. Idan kalma baƙuwa ce, sai ya tura wa mutum a tasha ya duba. Aikin bai hana ni dafa abincin rana ba. Kuma ban ji wanda ya ce ya rage sauri ba.

Na yi wa Baba bayani, har na zana masa a ƙasa kamar yadda ka zana mini. Ya saurara, ya ce Allah Ya saka, amma bai yarda ba. A wajensa kai ne mai ilimin, ni 'yar rarrashi ce. Abin da ka faɗa shi ya zauna.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba ya daina sallama a saƙo. Ba ga injin kaɗai ba, ga kowa. Shekaranjiya ya turo mini, na buɗe na ga “ZO”. Na bar aji na tafi Zurgu a guje. Na same shi lafiya lau a zaure, wai ya yi kewata ne. Na tambaye shi me ya hana shi gaishe ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaisuwata ta taɓa jawo mini asara.”

Yaya, kai ne ka goya ni zuwa makarantar allo lokacin da ƙaya ta soke ni. Kai ka fara ɗora yatsana a kan kwamfuta, ka ce mace ma za ta iya. Ban manta ba, shi ya sa abin yake ci na. Na san kai ma ba ka barci mai daɗi, na san dalilin da ya sa ba ka zo sallah ba. Ban nemi ka turo komai ba. Ka kira Baba. Bayan la'asar yakan hau tudun nan ya zauna, yanzu kira yana shiga a wajen. Ka yi masa sallama cikakkiya, ka jira ya amsa. Sannan ka gaya masa da bakinka cewa daidai ya rubuta, kai ne ba ka tanadar wa sallamarsa ɗaki ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya sanyaya zuciyar Baba, Ya ba shi tsawon rai har ya ji wannan magana daga gare ka. Kai kuma Allah Ya ba ka ƙarfin faɗarta tun yana da kunnen ji. Amin.

Wassalamu alaikum. Ka amsa, ko ba don ni ba.

Ƙanwarka,
Saudatu