Na Ɗaga wa Baba Hannu a Taron Safe

Aikin farko na yau: rubuta wa Anti.

Anti, don Allah ki taimake ni. Mahaifina zai bar gidana ƙarshen watan nan, kuma na rasa yadda zan tsayar da shi. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, kwanan nan ko zama wuri ɗaya ba na iyawa.

Na ɗan haura arba'in, karatuna ya tsaya a sakandare. Ina aiki a wani kamfani mai haɗa manhajojin waya, amma ni mai kula da ofis ne kawai: takarda, tawadar firinta, ruwan sha, makullai. Na daɗe ina kallon ma'aikatan suna bin wani tsari da suke kira ajayil. Ba sa shirya aikin shekara a tashi ɗaya. Sukan yayyanka shi ƙanana, na mako biyu-biyu, su rubuta kowanne a 'yar takarda mai gam, su manna a allo mai gida uku: za a yi, ana yi, an gama. Kullum da safe sai su taru a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Tsayuwar don kada a ja zance ne. Wanda ya fara dogon bayani sai a ɗaga masa hannu, ya yi dariya ya taƙaita.

Ni kuwa tun ina yaro komai sai na rubuta, amma ba na gama komai. Sai na ce bari in gwada a gida. Na kafa allo a kicin, tsakanin firij da taga, muka fara namu taron safe ni da iyalina. Anti, wallahi ya yi amfani. Famfon banɗaki da ya daɗe yana ɗiga ya gyaru. Ƙofar kabad ta daina faɗo wa maiɗakina a ƙafa. 'Yata ta daina tuna aikin makaranta sai an zo fita. Ita ce ma ta laƙaba mini Manaja, uwarta ta kama, yanzu har maƙwabta.

Saura Baba. Tsohon direban babbar mota ne, ya dawo wurinmu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ciwon gwiwa ya hana shi yawo. Na ajiye masa kujera a taron safe, mu a tsaye shi a zaune. In aka zo kansa sai ya ce jiya ya sha magani, daga nan kuma ya faɗa labarin wata gada da ta taɓa karyewa da su da lodin siminti. Shayi na hucewa, yara na leƙen agogo, motar makaranta na danna hon. Wata safiya sai na ɗaga masa hannu. Ban yi tsawa ba, da murmushi ma na yi, yadda ake yi a ofis. Ya tsaya a tsakiyar magana, ya dubi hannun, ya ce to, Manaja. Tun ranar bai sake fitowa taron ba. A ɗaki yake shan shayinsa, shi da rediyo.

Na rubuta "zama da Baba" a takarda na manna a gidan farko. Ga abin da ke cina: duk takardu suna tafiya, ita ba ta motsi. Yaya zan san an gama ta? Kullum sai in ɗage ta zuwa mako na gaba, har gam ɗinta ya mutu, yanzu salatif ne ke riƙe da ita. Jiya ƙanwata ta kira, wai Baba ya ce ta zo ta ɗauke shi, gidan Yaya ya zama ma'aikata, shi kuma ya riga ya yi ritaya. Tana faɗa tana dariya. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Maiɗakina ta ce in ciro allon in jefar. Amma Anti, kafin allon nan, ni mai alkawari ne kawai a gidana, "zan yi, zan yi". Ina tsoron komawa wancan mutumin. In kuma na bar shi, Baba zai tafi. Sai in shiga kicin in fito, in sake shiga, ban san abin da na je ɗauka ba.

Abin da ya rage na gobe:
canza ƙwan fitilar baranda
karɓo maganin gwiwa
kiran ƙanwata, in ce mata me?
zama da Baba

Naki,
Manajan Kicin

Amsa

Manajan Kicin, kwantar da hankalinka, kuma kada ka jefar da allon. Famfo ya daina ɗiga, ƙafar matarka ta huta, kai ma ka fara ganin kanka a matsayin mai cika alkawari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ka raina shi.

Sai dai ka kwaso allo da takardu da tsayuwa, ka baro babban abin a ofis. Tushen tsarin nan shi ne mutane sun fi ƙa'ida, kuma idan abu ya canza, shirin ne ake canzawa. Hannun da ake ɗagawa a wurin aikinku wasa ne tsakanin tsararraki da suka yarda da shi tun farko. Baba bai yarda da komai ba. Abin da ya gani shi ne ɗansa ya tsayar da shi a gaban jikokinsa, yadda ake tsayar da mota a shingen hanya. Ka kuma dubi tambayar da kake masa kowace safiya. Mutumin da jiya bai yi komai ba sai shan magani da jin rediyo, dole ya koma can baya, inda yake da abin faɗi.

Gobe, kafin ƙwan fitila, ɗauki shayinka ka shiga ɗakinsa. Zauna ƙasa. Nemi gafararsa a kan hannun nan, kai tsaye, ba tare da bayanin yadda ake yi a ofis ba. Kada ka roƙe shi ya fasa tafiya a wannan zaman. Tambaye shi yadda aka ƙare da gadar nan da simintin, ka bar waya da agogo a kicin. Taron safe kuma ku yi abinku da yara, ku gajarta. Nan gaba ka tara mutanen gidan a zaune, ka ji me suke so a bari, me suke so a canza, kuma Baba ne zai fara magana. Mai yiwuwa duk da haka ya tafi. Ba laifi, wurin 'yarsa zai je. Abin da nake so shi ne ya tafi ziyara, ba da ɓacin rai ba.

Ita kuma takardar mai salatif, cire ta daga allon yau. Ba ragwancinka ne ya hana ta motsi ba. Zama da mahaifi ba aikin da ake gamawa ba ne, kuma ranar da zai shiga gidan "an gama" ba ranar da za ka so gani ba ce. Allah ya nisanta ta, ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ka kunnen sauraro.

Anti