Baƙar Wayar Da Ke Tsayar Da Kai A Ƙofarmu

Zuwa gare ka, ya sanyin idanuna, inuwar da zuciyata ke fakewa, tauraron da ke fito mini kowace safiya a cikin gwangwani mai taya huɗu.

Sallama nake maka. Ni ce yarinyar gidan da ke da koren ƙyaure, gidan da akwai rami a gabansa, inda motar babanka take mutuwa kullum idan ka ɗauko ƙannenka zuwa makaranta. Ƙanwarka da za ta miƙa maka wannan takarda ajinmu ɗaya, kuma ta rantse ba za ta buɗe ba.

A littattafan da nake karantawa, masoyi yakan iso ne cikin mota mai sheƙi, wadda ko numfashinta ba a ji. Ni kuwa nawa rabon a cikin akwala ya zo! Wannan tsohuwar abar, mai ƙofa ɗaya da ake ɗaurewa da igiya, mai tari kamar ta kwana a ruwa, wadda yaran layinmu suka raɗa wa suna A-Tura-Ni. Wallahi ko kaji ba sa kauce mata, sun san ba za ta iso ba. Amma ina ruwana? Ashe fure ba ya fitowa a tsakiyar bola? Da zarar ta faɗa ramin nan ta yi shiru, ka fito kana share gumi da bayan hannu, sai in ji kamar an yi ruwan farko a cikin ƙirjina. Ina bayan labule, ko motsi ba na yi.

Jiya ƙanwarka ta zo mini da labarin da ya hana ni cin abinci. Ta ce babanku ya gaji, ya ce idan motar ta ƙara mutuwa a makon nan zai kira masu sayen ƙarafa su ja ta, ku koma hawa bas ta babban titi. Babban titi! Hanyar da ba ta san ƙofarmu ba. Shi ya sa na ajiye kunya na ɗauki biro.

Ya ruhina, wai su wane ne waɗannan da kuke kai wa motar? Makanikai ne ko masu duba? Ƙanwarka ta ba ni tarihinsu duka. Na farko, mai ƙaton tumbin nan, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce fulogi ne. Aka sa sababbi, washegari ta mutu a ramin. Na biyu ya ce kafireta ce ta toshe, ya kwance ta, ya hura da baki, ya mayar, har da ragowar noti biyu da ya jefa aljihu. Ta mutu a ramin. Sai wanda kuke kira Injiniya, kaico da wannan suna, ya kara kunne a jikin inji kamar likita, ya ce famfon mai ne. Ta mutu a ramin! Duk cikinsu babu wanda ya tambaye ka a ina take mutuwa. A garejinsu suke tayar da ita, a kan shimfiɗaɗɗen siminti, ta yi ta gurnani lafiya lau, su buga ƙirji su ce an gama. Mutanen da ko tocila ba su cancanci a ba su gyara ba.

Kai ma, hasken rayuwata, ban ƙyale ka ba. Idanu kamar na barewa, amma me suke gani? Kullum sai ka ɗaga bonet, ka tsura wa inji ido kamar mai karanta jarida a kife, ka taɓa nan ka taɓa can, sannan ka maka bonet ɗin da haushi, ka murɗa makulli, ta tashi. Har kana murmushi, wai kai ka gyara! Bai taɓa zuwar maka ba cewa bugun nan shi ne gyaran?

Ni ta taga na lura. Kafin injin ya mutu, rediyon da ƙannenka ke ƙure wa murya shi yake fara ɗaukewa, ɗif, daidai lokacin da taya ta faɗa rami. Ba ta shure-shure, ba ta jan numfashi irin na motar da mai ya yanke mata. Rediyo kuwa ba ya shan fetur. Na tambayi Baba, wanda ya tsufa a tuƙi, na ce wai a darasin kimiyya aka ba mu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Idan rediyo ya riga inji mutuwa, ’yar nan, a bar zancen mai, a nemi wayar da ta saki.” Sai ya ƙara da cewa makarantarmu ta ci gaba, tunda har A-Tura-Ni ta shiga manhaja. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ka tuna ranar da ka zaci zafi motar ta yi, ka yi sallama kana neman ruwa, Mama ta aiko ni da buta? Ranar da muka tsaya kusa da juna har ina jin ƙamshin sabulunka a cikin warin mai? Ka ce mini sannu. Na kasa ɗaga kai in dubi fuskar da nake mafarki, sai idanuna suka faɗa cikin injin. A nan na gan ta: baƙar waya mai kauri da ta taso daga batir ta kama jikin mota. Inda aka ɗaure ta duk tsatsa da wani farin gari, notin kuma ya saki, har tana rawa da ka jingina. Rami ya girgiza ta, wuta ta yanke. Ka maka bonet, ta koma mazauninta. Shi ke nan ciwon da ƙattai uku suka kasa gani!

Na daɗe da sani, na yi shiru. Yaya zan kashe abin da ke tsayar mini da kai? Wannan ruɓaɓɓiyar waya ta fi duk makanikanku amfani a wurina. Amma gara ka wuce ina hangen ƙeyarka da a ce ba ka biyo ba sam.

Saboda haka, ya zumar zuciyata, kada ka koma wurin waɗancan. Ka kashe motar ka zare makulli. Ka kwance notin, ka kankare tsatsar har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure da sifana tamau. Ka duba kan batir ɗin shi ma. Idan babanka ya tambaya, ka ce kai ka gano, na yafe maka yabon.

Na san daga gobe A-Tura-Ni za ta haye ramin nan ba ta ko waiwaye ni ba. Abu ɗaya nake roƙo: ramin yana nan, dole ka rage gudu. Idan ka rage, ka danna hon sau ɗaya, a hankali, yadda Baba zai ɗauka da kaji kake.

Taka, wadda ba za ta saki ba ko an faɗa rami dubu,
Yarinyar bayan labule.