Na ji abin da ɗan farina ya faɗa wa malamarsa ta waya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, iyakata firamare.

Ni uwa ce, a cikin ganuwar Zariya nake aure. Ɗan farina saurayi ne mai aikin hannu na babbar riga, har daga unguwar Kongo ake kawo masa ɗinki. Bara ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi, ya daina wanka, ya ajiye allura, kullum gani yake ana laɓe ana sauraronsa. Magani ya kwantar da abin, amma ko Ƙofar Doka aka nufa da shi sai ya ce a mayar da shi gida. Shi ne asibiti suka haɗa shi da wata malama, ita ba ta rubuta magani, aikinta koya wa masu irin lalurarsa komawa harkokin yau da kullum. Ta bidiyo kol suke ganawa duk Laraba. A hankali ta sa ya koma wanka, yana share ɗakinsa, har ya fara zare a wuyan wata riga yana ɗaga mata a waya tana yabawa.

To gidanmu ginin ƙasa ne mai kauri, netiwok ba ya shiga ɗakinsa, sai a gindin katanga jikin madafi. Tun farko malamar ta roƙe mu a ba shi wuri, ta ce abin da suke faɗa amana ne. Na kiyaye wallahi. Sai wata Laraba wake yana kan wuta, na shiga in rage itace, bai san ina ciki ba. Na ji ta tambaye shi wa yake so ya riƙa cin abinci tare da shi, don cin abinci da mutum shi ne aikin satin. Ya ce, “Da Yaya, amma ba za ta yarda ba, ba ta sona. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba.”

Ni ce Yayar. Haka yake kirana, don a hannun kakarsa ya tashi. Kunyar ɗan fari ce, haka na ga iyayena sun yi, "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Yana asibiti ban runtsa ba, amma da aka sallamo shi ko sannu ta bakin ƙanwarsa na aika.

Na gaya wa Malam mahaifinsa, ya ce mu ma haka aka yi mana ba mu mutu ba, na ce ai mu lafiyarmu ƙalau, ya ce in bar mayar da ƙaramin abu babba. Don gudun sake ɗaukar alhaki, duk Laraba sai in tafi maƙwabta. Ashe ya lura, ya tambayi ƙanwarsa ko ganinsa ne ba na son yi. Ya sake ninke rigar ya tura ƙarƙashin gado.

Yanzu in na kira sunansa rana tsaka, zai gane na ji, abin da ciwon yake raya masa ya tabbata ke nan, kuma a kan uwarsa. Ina tsoron ya daina ɗaukar wayar malamar, alhali ita kaɗai yake buɗe wa ciki. In na kira ta a ɓoye, na sake cin amana. In na yi shiru, zai ci gaba da kwana da cewa ba na sonsa.

Jiya na zuba tuwo a kwano ɗaya, na isa bakin ƙofarsa, na buɗe baki, sai "kai" ta fito. Na ajiye kwanon na juyo. Iyaye mata da masu ilimin abin nan, yaya zan yi in kira ɗana ba tare da na rushe ɗan sauƙin da ya samu ba?