Ruwan Tekun da Na Haɗa a Kicin

Gwaggo Habibatu, don girman Allah ki ba ni shawara kafin gidana ya watse a kan gorar ruwa. Wallahi ko rubuta abin kunya yake ba ni. Wai mace da girmanta da aikinta, mijinta ya daina cin abincinta saboda gorar roba da ko a bola aka gan ta ba mai sunkuyawa ya ɗauka.

A Fort Washington ta jihar Maryland a Amurka muke zaune, ni da maigidana da yaranmu biyu, Zahra da Fatihu. Sunayen na canza su. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shi injiniya. Tun shigowar zafi mahaifinsa yake wurinmu, daga Yauri aka kawo shi a duba masa ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye ɗaya, ɗayan ma tafiya yake, sai dai a riƙa ɗiga magani ana jinkirta abin. Ƙarshen watan nan Baba zai koma gida. Ni ce mai ɗiga maganin nan safe da yamma. Ni ce mai tuƙa tuwo bayan na wuni tsaye a asibiti, don Baba ba ya cin taliya, ba ya cin burodi, shinkafa ma kallon raini yake mata. Ba gori nake yi ba, amma dai a san da shi.

Kafin yara su koma makaranta muka ce a je hutu Virginia Beach, wani gari a bakin teku. Ni na zauna na tsara komai: gidan da muka kama can cikin gari, gidan kifaye, jirgin ruwan da ke kai mutane kallon dolfin, manyan kifayen nan masu tsalle a teku, da wunin bakin teku. Gaskiya ban sa Baba a lissafi ba, sai dai ba yadda za a bar tsoho shi kaɗai a gida. Shi kuma masunci ne, a kan kogin Kwara ya yi rayuwarsa kaf, amma bai taɓa ganin teku ba. Ya dai ji inda za mu. Sai na gan shi ya wanke wata gorar roba ya sa a aljihun babbar riga. Daga baya na ji wai abokan sana'arsa da Inna matarsa ne suka roƙe shi ya ɗebo musu ruwan teku su gani da idonsu. Ki ji fa, Gwaggo, mutane na neman tsarabar turare da agogo, su ruwa!

A hanya, da muka hau wata doguwar gada, ya ɗaga kai ya tambayi Fatihu ko tekun ne wannan. Na ce masa wannan ai somin-taɓi ne, ya bari gobe zai ga na gaske. Ya gyara hula ya koma ya jingina.

To, Baba tafiyarsa a hankali take, yana jan ƙafa yana lalube, ga shi duk Baturen da ya gifta sai ya gaishe shi ya tambayi iyali. Zahra har ɓuya take yi a bayana. A ƙofar gidan kifaye na tambaye shi ko zai shiga ko zai huta. Ya ce mu je, mu je, shi nan ma ya ishe shi. Sai muka zaunar da shi a benci, muka jibge masa jakunkuna da kular abinci. Kuma wallahi mun ji daɗin yawon, ba kaya a hannu, ba jiran kowa. Yara suka ga kifin da ya fi motarmu tsawo, suka taɓa wasu da hannu, Fatihu har ihu yake.

Washegari ranar jirgi na sake tambayarsa, ya sake cewa mu je. Ba zan ɓoye miki ba, tun da safe ya sa farar rigarsa ta Idi da sabuwar hula, ya fesa turare. Na lura sarai. Amma ai bakinsa ne ya ce a'a. Jirgin daga wani ɗan rafi yake tashi, wanda ko rabin kogin garinsu bai kai ba, nan muka bar shi yana kallon ruwan da kayanmu a gefensa. Ranar ƙarshe kuwa, ta yaya zan ja dattijo da carbi a hannu zuwa inda mutane ke kwance kusan tsirara? Na samo masa benci mai inuwa a bayan manyan otal-otal ɗin da ke bakin tekun. Gini ɗaya ne tsakaninsa da ruwan. Da muka dawo da yamma muna kakkaɓe yashi, abin da ya ce kawai shi ne ya wuni yana jin ƙararsa, ashe muryarsa da nauyi.

Na san za ki ce kara ce. Na sani, ba a Amurka aka haife ni ba, 'yar Kano ce ni. Maigidana ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, balle ya buɗe baki ya ce masa yana son abu. Amma Gwaggo, ni ina na ga lokacin lallashi? A asibiti idan mara lafiya ya ce a'a, a'a ce, an wuce wurin. Kuma ɗan nasa yana tsaye duk lokacin nan yana latsa waya.

Da muka dawo gida na tsinci gorar a kujerar mota, ba ko ɗigo a ciki. Na ji Baba yana tambayar Zahra a hankali ko wani ya tuna ya ɗebo masa. Haushi ya kama ni, don na san maganar nan har Yauri za ta je, a ce matar ɗa ta kai tsoho bakin teku ta hana shi ruwa. Na shiga kicin na tara gorar a famfo, na zuba gishiri na girgiza, na kakkaɓo ɗan yashi daga takalmin Fatihu na ƙara. Na durƙusa na miƙa masa, na ce ai ni na ɗebo masa na manta ban ba shi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗanɗana da ɗan yatsa, ya yi ta sa mini albarka har na gaji da amin. Ya naɗe ta a tsumma ya sa a jaka. Kullum da safe sai ya fito da ita ya je taga ya ɗaga ta saitin idon da ya rage. Wannan kam ba na son gani, ɗaki nake shigewa.

Maigidana ya san ban je bakin ruwa da gora ba. Ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya, don ni ba na tsoron kowa. Ya ce na mai da ubansa abin wasa, tsoho zai tara abokansa a Yauri su yi ta lasar ruwan famfon Maryland suna kabbara. Tun ranar bai ci tuwona ba. Wai sai mun koma tekun da Baba, ni kuma na ce hutuna ya ƙare, ba inda za ni. Ruwan gishiri ai ruwan gishiri ne. Tsoho yana murna, waye aka cuta?

Ki faɗa wa maigidana ya sauko, yana karanta filinki. Sannan ki ba ni sunayen wuraren da suka dace da iyali a garuruwan bakin teku, don baɗi Hajiyata za ta zo daga Kano, ina so ta hau jirgi ta ga kifayen nan. Na san halinta, cewa za ta yi a'a, amma ko da ja ne sai na shigar da ita.

Wadda ta gaji, Fort Washington

Ya ke 'yata,

Na karanta, kuma gajiyarki gaskiya ce. Aikin jinya, yara, tuwo, maganin ido safe da yamma, ba ƙaramin abu ba ne, kuma da alama ba wanda ya ce miki sannu. To ni na ce, sannu. Maigidanki ma kada ya ɗauka ya fita. Ya fi kowa sanin cewa mahaifinsa ba zai taɓa ce masa yana so ba, ya tsaya yana latsa waya aka mai da dattijo mai gadin kula. Yajin cin tuwo ba zai wanke shi ba.

Amma ba zan ce masa ya sauko ba, don abin da kika yi mugunta ce. Kin ga farar riga, kin ji turare, kin san me suke nufi. Ke da bakinki kika ce masa gobe zai ga na gaske. Kuma ƙarshen wasiƙarki ya ƙarasa ba da ke: kin san a'ar Hajiyarki ba a'a ba ce, har kin shirya janta. Ashe ba Amurka ce ta koya miki ba, zaɓa kika yi wa za ki lallasa, wa za ki ajiye a benci. Kin tambaya waye aka cuta. Mutumin da idonsa ke rufewa, wanda aka kai gini ɗaya tsakaninsa da abin da ya yi shekaru yana son gani, aka bar shi da sauraro. Ke ma kin sani, shi ya sa kike shigewa ɗaki idan ya je taga.

Gyaran bai fi ƙarfinku ba. Ba sai kin nemi hutu ba, kuma ba sai kun koma Virginia ba. Daga inda kuke, akwai bakin teku a gabashin Maryland da za a je a dawo a rana ɗaya. Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki, ku kama hanya da wuri ku isa kafin masu kwanciya a yashi su fito, kin ga maganar tsiraici ta kau. Yanzu da makarantu suka buɗe ma wurin ba cunkoso. Ki kira ofishin garin tukuna ki tambaya ko suna ba da keken da ke tafiya a kan yashi, wurare da yawa suna da shi. A tafi da maganinsa da baƙin tabarau, kaya kuma a bar su a mota, ba su buƙatar mai gadi.

Kada ke ko maigidanki ku tambaye shi ko zai je, amsar kun santa. Ku tura Zahra. Jika ba ta da wannan shamakin, ita ce amaryarsa ta wasa, ta kama hannunsa ta ce ango ya tashi ya raka ta. Zai yi dariya ya bi ta, girmansa bai taɓu ba. Ita ma yarinyar za ta koyi tafiya a gefen kakanta maimakon ɓuya a bayanki, don duk abin da kuka yi a hutun nan a kan idonta aka yi.

Gorar kuma ke za ki karɓo ta. Idan kun isa, ki durƙusa yadda kika durƙusa ranar da kika miƙa masa, ba a gaban yara ba, ki faɗa masa abin da ke ciki a taƙaice, ki nemi gafara. Kada ki kawo gajiya, kada ki kawo asibiti. Na san irin dattawan nan, cewa zai yi ba komai, kuma wannan karon ma kada ki yarda da amsar farko. Ki zubar da ruwan famfon da hannunki, ki ba shi gorar, a naɗe masa ƙafar wando ya shiga ya ɗeba da kansa. Ranar tafiya a ɗaure bakinta sosai a sa a babban akwati, kada a karɓe ta a filin jirgi.

Wuraren da za ki kai Hajiyarki zan faɗa miki da zuciya ɗaya, bayan kin rubuto kin ce mini Baba ya jiƙa ƙafarsa. Hajiya tana da baɗi, in Allah ya kai mu. Baba ƙarshen wata yake da shi, da ido ɗaya.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita ki da maigidanki, ya sa idon Baba ya jira ku.

Gwaggo Habibatu