Sanƙarau ne ya kayar da Harisu

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Tamanrasset. Ina gajiya, ina yara, yaya jikin Inna?

Raina ya ɓaci da jin ana yaɗawa a Damagaram wai ƙwaya ce ta haukata ɗanki Harisu. A gabana ya faɗi wurin gini, wuyansa ya ƙage, yana sambatu. Da muka kai shi asibiti, awon farko bai nuna komai ba, don an riga an yi masa allurai. Bayan sati biyu likita ya sake ɗibar jini, ya ce, "Garkuwar jikinsa ta nuna sanƙarau ya yi."

Harisu ya tashi, amma kunnensa ɗaya ya daina ji. Ban iya gaya masa abin da danginsa ke faɗi ba.

Ku sa shi a addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Sale